Sabon Birkin A-kori-kurar Baba

Ranar da tsohuwar a-kori-kurar Baba ta gangaro daga tudun gonar kajinsa ta rungumi katanga, ƙwai ya yi ta kwarara kamar an buɗe famfo. Gilashin gaba ya tsage ta gefen fasinja, goshin Baba ya kumbura suntum, Mama kuwa kwana uku tana ɗingisa ƙafar dama. Baba ya ce, “Laifina ne.”

Yaya, babbar 'yarsu, saura kaɗan ta haukace. Ita ce fa ta raka shi asibiti shekara biyu da suka wuce, da kunnenta ta ji likita ya ce idon nan ya gama tuƙi. Mutumin da sai ka yi magana yake gane ka! Amma kullum da safe sai ya ja motar a hankali kamar kunkuru, Mama a gefensa, su sha kwanar makaranta su ɓace. Shi ya sa da aka jawo motar gida, Yaya ta ce a ranta, madalla, ta mutu, an huta.

Ina! Kwana biyu sai ga ta a garejin Kawu, ƙanin Mama, an ɗaga gabanta a kan jak, tayoyi a ƙasa.

Wai birki za a sauya. Na gaban irin na da ne, mai ganga, wanda in ya yi zafi a gangara sai ka hau kansa da duk ƙarfinka kafin ya ji magana. Baba mai faifai yake so. Da Kawu ya faɗi kuɗin sababbin kayan, Baba ya ce sai dai in kajin zai sayar ya haɗa da Kawun a matsayin gyara. Yaya ta ji sanyi a ranta.

Sanyin bai kwana ba. Washegari Baba da Kawu suka tafi wajen 'yan gwangwan, suka samo wata mota da bayanta ya ragargaje amma gabanta lafiya lau. Suka kwanto faifai biyu da abin da ke matse su, har da tulun nan mai sa birki ya yi laushi a ƙafa. Mai walda ya yanka ƙarfen da za a ɗaura su. Tiyon mai kaɗai aka saya sabo, don Baba ya ce a nan ba a neman araha.

Yaya ta ɓoye makullin motar a cikin buhun dusar kaji. Da aka gaji da nema, sai Mama ta zuge jakarta ta ciro wani.

Yaya ta je ta tsuguna a gaban Kawu. “Kawu, don girman Allah ka ce kayan ba su shiga ba.”

“'Yata, sun shiga kamar don ita aka ƙera su. In yi wa ƙarfe ƙarya?”

Ta koma wajen Mama. “Mama, ke ce fa a gefensa kullum. Ku biyu za a kawo mana a kwance.”

Mama ta ci gaba da shafa man zafi a gwiwa. “Ki bar shi ya gyara.”

Da Yaya ta leƙa cikin motar ta ga an turo kujerar direba har ta kusa taɓa sitiyari, ga matashi a kai, sai hawaye sha. Wato yanzu sai ya manna hancinsa da gilashi yake ganin hanya ke nan!

Ranar gamawa sai an cire iska daga bututun mai, kuma aikin na mutum biyu ne: ɗaya a ƙarƙashi da sifana, ɗaya a ciki yana taka birki. Yaya ta ce ita kam ba da ƙafarta ba. Baba ya ce dama ba ita ya nema ba, a kira Mama.

“Taka! Riƙe! Saki!” Kawu yana ta ihu daga ƙasa. “Yaya babba, birki ne fa, ba kunama ba!”

Mama ta ce, “Rufe mini baki, ni na goya ka.”

Baba ya dafa ƙofa ya sunkuya. “Ya kika ji shi?”

“Da sauran tauri.”

Sau huɗu ana maimaitawa, sai da ta ce ya yi sannan ya yarda aka sauke jak.

Gwaji kuma a tudun nan dai, da lodin ƙwai a baya! Baba ya ja motar suka hau, suka ɓace a bayan itatuwa. Yaya ta tsaya a gindin katangar da ko simintin gyaranta bai gama bushewa ba. Ba abin da bakinta ya iya sai salati.

Sai ga motar ta taho, da gudun da Yaya ba ta taɓa ganin ta yi ba. Rana na dukan gilashi, ba a ganin kowa a ciki. Ta rufe ido da hannu biyu tana jiran ƙara.

Shiru. Motar ta tsaya cak, taku biyar kafin katanga. Ko ƙwai ɗaya bai tsage ba.

Ƙofar fasinja ta buɗe, Baba ya sauko yana laluben ƙasa da ƙafa, baki har kunne. Sannan ƙofar direba ta buɗe, Mama ta diro daga kan matashinta tana gyara mayafi, ta ce, “Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Shekara biyu ina karɓar motar nan a kwanar makaranta, yau ne kaɗai ta tsaya inda na ce.”