Jikokin Uwar Hantsi

"Rufe idonki, ki miƙo hannu," in ji ungozoma.

Haka 'Yan Raɓa ke samun 'ya'ya. Su aljanu ne, ba sa haihuwa. Wai Uwar Hantsi, mai mulkin sama, ita ke haifo su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo su ta wata taga a bayan asibitin mutane. Wai duk wanda ya leƙa, haskenta zai makantar da shi. Kowa ya ji haka a bakin kakarsa, amma ba wanda ya taɓa ganin makahon.

Wata masaƙiya a cikinsu ta daɗe tana jiran rabonta, har sa'o'inta sun yi jikoki. Yau da aka ɗora mata jariri a hannu, sai ta ji kuka a bayan tagar, kukan babba. Ta buɗe ido.

Babu wani haske. Gadon ƙarfe ne, da wata mata tana jijjiga ɗan da ba ya numfashi, tana cewa, "Likita, don Allah sake dubawa." Kamanninsa sak na wanda ke hannun masaƙiya.

"Inna, ashe mu 'ya'yan da mutane suka rasa ne?" ta tambayi ungozoma.

"Rage murya, 'yar nan."

"Ana iya mayar da shi?"

"Muddin bai kama nono ba, zai farka a can."

"Wayyo, da uwata ta san haka..."

Ungozoma ta kau da kai. "Uwarki ma ta leƙa. Sai ta yi maza ta ba ki nono."

Jaririn ya fara lalube. Masaƙiya ta dubi matar, hawaye na zuba. Sannan ta ɗaga rigarta.