Takin Gwamnati a Hular Baba

Ina 'yar shekara tara lokacin da soja suka janye tallafin taki, buhu ya gagari talaka a kasuwa. Sai aka yi shela a rediyo cewa za a raba wa manoma taki a Tsafe. Baba ya aro jakin maƙwabcinmu, ya ɗaura masa buhuna biyu, ya bar garinmu Bilbis da sassafe.

Da la'asar ya dawo, jaki na tafe sakayau, shi kuma kansa ba hula. Ban taɓa ganin Baba a waje haka ba.

Inna ta saki taɓarya ta ce, "Malam, lafiya? Ina hular?"

Ya miƙa mata ita a hankali, cike da farin taki mai warin da ke sa hawaye.

"Rabonmu ke nan. Da gwangwanin madara suka auna. Na ji tsoron in zuba a buhu ya ɓace."

Daidai nan rediyon da ke rataye a danga ya fara labarai, wani mai murya sumul yana cewa an wadata manoman jiha da taki.

Baba ya dube ni ya ce, "Kashe shi, ɗiyata, kada jakin ya ji."

Dawarmu ta yi rawaya a wannan damina, rumbu ya ƙare tun kafin bazara.

Har yau, idan wani mai babbar riga ya fito yana cewa an wadata talakawa, ba na jin maganarsa. Hularsa nake kallo, ina auna gwangwani nawa za ta ci.