Baƙuwar da Ta Zo Tambayar Jabir

Zulai'atu na juya kifi a kan banda lokacin da baƙar motar ta sake wucewa, ta nufi filin makaranta inda samari ke buga ƙwallon kwando. Ba ta ɗaga kai ba, amma ta gane ta. Kwana biyun nan motar na yawo a Yelwa, kuma duk inda Jabir ya sa ƙafa, can za ta tsaya.

Jabir ɗan ruwa ne. A cikin jirgi ya girma, kuma in tseren jirage na bikin Rigata ya zo, shi ake ba filafilin gaba. Daga baya ne wani malami ya ga tsawonsa, ya miƙa masa ƙwallo. Kafaɗun da suka saba tuƙi sai suka koma jifa, tun daga nesa yake jefa ta cikin raga.

Wata ƙungiyar ƙwararru a Kano ta gwada shi. Gurbi ɗaya ya rage, tsakaninsa da wani yaro ɗan Jos. Sun ce ƙarfinsa ya burge su, amma suna tsoron mai wasa biyu, kada zuciyarsa ta rabu. Za su yi shawara su kira shi.

Ranar da ya dawo, a ƙofar gidansu ya gaya wa Zulai'atu cewa duk ranar da aka ɗauke shi, magabatansa za su zo wurin mahaifinta. Tun daga nan take yi wa ƙungiyar nan addu'a kamar ta san mutanenta.

Mata biyu ne a motar. Babbar Hajiya ce da ta manyanta, tana sanye da tabarau da leshi mai tsada. Ƙaramar doguwa ce, fara, wayarta kullum a saitin Jabir. Da ya je atisayen tuƙi a bakin kogi, yarinyar ta matsa har ruwa ya jiƙa mata takalmi, ba ta ma lura ba. Zulai'atu na tsaye a wajen masu sayar da ɗanyen kifi, ta ga komai. Ta kuma ga Jabir ya yi dariya yana fuskantar wajensu. Wataƙila da abokansa yake. Wataƙila.

Sai labari ya fara zuwa. Mai shayi ya ce Hajiyar ta tambaye shi ko Jabir na shan taba, ko yana da saurin fushi. Matar liman ta ce ita kuma an tambaye ta asalin iyayensa, da ko akwai wani ciwo a danginsu.

Zulai'atu ba ta buƙatar a yi mata fassara. Haka gwaggwanninta suka yi yawo lokacin da za a aurar da yayarta Hussaina, suna sayen abin da ba sa so, suna jefa tambaya a cikin hira. A garin nan babu mai bin diddigin saurayi haka sai wanda ke da ɗiyar da zai ba shi. Kuma masu hali ba sa jira yaro ya yi suna kafin su kama shi.

Ba ta tambayi Jabir ba. Ta gwammace hayaƙin banda ya ɗauki laifin jan idonta.

Da hantsi motar ta tsaya a gabanta. Hajiyar ta fito, ta ce sunanta Balaraba, ta sayi kifi ba tare da ciniki ba, ta zauna a kan benci.

"An ce ke kika fi kowa sanin Jabir," in ji ta.

Zulai'atu ta dubi motar. Yarinyar na ciki, tana kallon wayarta tana murmushi.

"Mi kike son sani, Hajiya?"

Hajiyar ta tambayi lafiyarsa. Zulai'atu ta ji bakinta na cewa kafaɗarsa ta dama tana gocewa tun tseren bara, ɓoyewa kawai yake yi. Ko ciwon kai ba ta taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Hajiyar ta tambaya ko zai iya zama nesa da gida, a ƙarƙashin wasu mutane.

"Wanga? In aka buga gangar Rigata, ko ana tsakiyar ɗaura mai aure ne, zai bar kowa ya nufi ruwa."

Hajiya Balaraba ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi.

"Na so yaron nan," ta ce a hankali. "Allah ya saka miki da alheri, 'yata. Kin hutar da mu."

Motar ta juya ta kama hanyar Kwantagora. Zulai'atu ta bi ta da ido har ta ɓace, ta ji ƙirjinta ya yi sakayau. Innarta ma sai da ta tambaye ta abin da ya same ta take waƙa a bakin wuta.

Bayan la'asar Jabir ya iso, zufa na zuba, ƙwallo a hammata. Ya tsinke wutsiyar kifi ya jefa a baki ba tare da ya tambaya ba, kamar yadda ya saba. Fuskarsa na haske. Ya ce ta fara shirin karɓar baƙi a gidansu, domin da safen nan aka kira shi daga Kano.

"Ashe wadda ke zaɓar masu 'yan wasa tana garin ga, ita da mai ɗaukar masu hoto. Ta gama kallona, saura ta ji ta bakin mutum guda. Ni kuwa na ce ta nemi Zulai mai banda, duk abin da kika faɗa a kaina ta riƙe shi, shi ne gaskiya."