Ƙarƙashin Sabon Kafet

"Wai bare za ki kawo ya duba motata?" in ji Dwayne, mai sayarwa, yana yaƙe. "Na zama ɓarawo ke nan."

Loretta ta riga ta sayar da gidanta, kuma wannan mota mai gado da kicin ita ce za ta zama matsuguninta na tsufa. Shi ya sa ta ɗauko mai duba motoci daga wani gari, wanda bai san kowa a nan ba.

Mutumin ya hau rufi ya sauko. Ya shiga ciki, ya ɗaga sabon kafet ɗin gefen gado, ya danna katakon. Yatsansa ya nutse.

Ya jawo Loretta gefe. "Baiwar Allah, ruwa ya daɗe yana cin katakon nan, kafet ɗin kuwa jiya-jiya aka shimfiɗa shi. Ki gudu. Irin wannan mutumin, uwarsa ma zai iya sayar wa."

Loretta ta dubi Dwayne, yana can yana goge madubi da hannun riga.

"Ai ita yake sayar wa," ta ce. "Ɗana ne."