Soron Raɗa a Bologna

A tsohon soron nan na tsakiyar Bologna, in ka fuskanci kusurwa ka yi raɗa, wanda ke ɗaya kusurwar zai ji ka tamkar a kunnensa. Can Ettore ya ja Nives ranar ƙarshe ta ɗan hutunsu. Kowa ya kama kusurwarsa, suka ba juna baya.

"Nives," ya raɗa wa bango, "furfura ta fara kama mu. Ki aure ni mana."

Zoben da ya damƙe ya jiƙe da gumi.

"Inda kake tsayen nan Saverio ya tsaya," muryarta ta iso a hankali. Marigayi mijinta ke nan. "Da ka buɗe baki na rufe ido, muryarsa nake jira. Yafe mini, Ettore. Ba zan cuce ka ba."

Soron nan bai taɓa haɗiye maganar kowa ba. Ettore ya mai da zoben aljihu, ya share ido, sannan ya juyo yana dariya.

"Kin ga shirme! Ban ji komai ba, hayaniyar baƙin nan ta yi yawa. Zo mu sha askirim kafin jirginmu ya tashi."

"Ni ma ban ji ba," ta ce, ta kama hannunsa.