Hannun Iya Asabe

Shekara talatin Farfesa Ladidi Maikano ta yi tana binciken yadda jijiya ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Don masu sikila ta fara, saboda cutar ce ta kashe ƙanenta. Da allurarta mai kashe jin zafi har abada ta fito, sai kowa ya ce yana so. Yanzu a Gusau har jarirai ake yi wa ranar suna. Ita dai ba ta yarda an yi mata ba.

Ranar Laraba da safe ta dogara sanda ta fita sayen ƙosai wajen Iya Asabe.

Iya ta ce, "Hajiya, har yanzu gwiwar? Ki je a yi miki allurarki mana. Ni rabona da ciwon baya shekara shida."

"Zan duba, Iya."

Iya ta juya tana gaisawa da wata, gefen hannunta jingine a bakin kasko. Farfesa ta ji ƙauri, kuma ba na ƙosai ba ne. Ta fizge hannun ta tsoma a bokitin ruwa. Fatar ta riga ta saɓule.

Iya ta dube shi kamar hannun wata. "Karo na uku ke nan a watan nan."

"Ki je asibiti yau, kada ya ruɓe."

"In na sallami mutane." Ta ɗauki matsami da ɗaya hannun. "Allah ya saka miki da alheri, Hajiya. Da a da ne, da yau ba ni da kasuwa."