Shekarun Manaja

"Shekarunka nawa, yallaɓai?" Koci ya tambaya, yana ɗaura wa Manaja agogon auna bugun zuciya.

Ma'aikata sun cika sabon ɗakin motsa jiki na ofis, kowa ya kasa kunne. Shekara sittin da bakwai gare Manaja, amma ya zaftare sha biyar a takardun aiki don gudun ritaya.

"Hamsin da biyu," ya ce.

Koci ya cire wannan daga ɗari biyu da ashirin, ya ɗauki kashi tamanin da biyar cikin ɗari na ragowar, don gano bugun zuciyar da ya dace da shekarunsa. "Ka kai bugun ɗari da arba'in da uku, ka riƙe shi minti goma."

Manaja ya hau injin tuƙin kwale-kwale ya fara jan igiya. A minti na huɗu ƙirjinsa ya ɗaure, hannun hagu ya yi nauyi. Zai saki ke nan, mataimakinsa ya matso yana tafi.

"Haba ranka ya daɗe, ɗan hamsin da biyu ai yaro ne. Kada ka ba mu kunya."

Ya cije ya ci gaba. A minti na bakwai ya sulale ƙasa, numfashinsa na sarƙewa.

Kowa ya ruga neman mota. Mataimakin ya durƙusa, ya gyara masa wuyan riga, ya raɗa masa a kunne.

"Shekara takwas ina jiran kujerar nan. Af, babana yana gaishe ka. Ya ce ajinku ɗaya a firamare, kai ne ma babbansu."